Kwalbar da Ta Fi Kore

Ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidanmu na kwalabe ne. Haka na tashi na tarar, haka kuma na girma ina jin haushinsa. Yana can ƙuryar gida bayan rijiya, bangonsa da kauri, kuma a da wata ƙatuwar bishiya ce ke rufe shi da inuwa, kafin masu faɗaɗa titi su sare ta. Ni da Mama namu ɗakunan yamma suke kallo, rufin kwano ne, idan la'asar ta yi ko katifa ba ta zaunuwa. Fanka ɗaya ta kirki da muka taɓa mallaka tana can tana yi wa kwalabe fifita. Mama na da hawan jini, wuyanta kullum cikin ƙurajen zafi, amma tun da kwalabe suka shiga ba ta sake taka ɗakin nan ba, ni kuwa ban taɓa ba. Baba ya ce muna yawo da ƙura da turare da sabulu a jikinmu, kuma abin da ke ciki ba ya son ko ɗaya.

"Baƙin babanki," haka Mama ke kiransu. "Sun zo kwana biyu sun share shekaru, ko sannu da aiki ba su taɓa ce mini ba."

Gansakuka ce a cikin kwalaben. Ba irin mai santsin nan da ke kama gefen rijiya ba. Wannan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya rabe ɗaya da ɗaya, sai dai ka ga ruwa ya koma kore. Baba ma'aikacin gidan ƙyanƙyasar kifi ne a bakin tafkin garinmu, tun kafin a haife ni har ranar da aka garƙame wurin. A tafkin akwai wani ƙaramin kifi mai sheƙi da masunta ke kira ɗan azurfa. Jariransa ba sa cin komai sai wasu ƙwarin ruwa mitsi-mitsi, su kuma ƙwarin gansakuka suke ci. Saboda haka duk mai son ɗan azurfa sai ya fara da kiwon koren ruwa.

Sai aka datse kogin da ke shayar da tafkin domin noman rani. Aka sare itatuwan gaɓa. Ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, ruwan gonaki kuma ya riƙa kwaso taki yana juyewa a ciki. Tafki ya yi kore shar fiye da yadda aka san shi, ɗan azurfa kuwa ya yi ɓatan dabo. Ranar da aka rufe wurin aikinsu, Baba ya dawo gida da bokitin iyayen kifi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma kwalba guda ta tsohuwar gansakuka, wadda aka ɗebo tun tafki na da sanyinsa. Ya gina tankunan siminti a tsakar gida, inda Mama ke shanya, ya kwashe kayanta daga ɗakin ƙurya ya sa kwado.

"Tafkin gaskiya yana cikin ɗakin can," in ji shi ga duk wanda ya tsaya saurare. "Wancan na waje kwata ce kawai."

Gansakuka ba ta daɗewa a kwalba ɗaya. Idan ta cika ta cinye abincinta, mutuwa take yi. Don haka duk ƙarshen mako Baba zai fito da kwalaben bakin ƙofa, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kallonsu a haske, yana ƙanƙance ido kamar mai sayen zinari. Wadda ta fi kore ita yake warewa. Daga cikinta zai ɗebi cokali-cokali ya zuba a sababbin kwalabe masu dafaffen ruwa da ɗan abincinta. Waɗanda suka koɗe kuwa sai ya tuttule su a gindin bishiyar lemun tsami da ke bakin magudana.

"Mai ƙarfi ake bari ya yi iri," yakan ce. "Haka aka koya mana a wurin aiki."

Mama takan ce duk gidan nan lemun tsami ne kaɗai ya ci ribar aikin, don shi kam ya yi ƙiba.

Kifin dai ba su yi ƙiba ba. Da farko jarirai suna rayuwa da yawa, Baba har yana raba wa tsofaffin abokan aikinsa. Sannu a hankali masu rayuwa suka riƙa raguwa. Ya zargi ruwan rijiya, ya koma na famfo. Ya zargi simintin tanki, ya sake shafe. Ya zargi kumfar wankin Mama, ya kore ta da baho zuwa zaure. Ya zargi hayaƙin motoci da kyanwar maƙwabta da idon mutane. Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba, kuma wanda ya kuskura ya kalli ƙofar ɗakin nan da tambaya a fuska ya sayi faɗan mako guda. A 'yan shekarun nan ko jariri ɗaya bai kai girma ba. Iyayen da suka rage a tanki duk sun tsufa, sheƙinsu ya dushe, suna iyo kamar masu ciwon baya.

Bana sai ga shi sun yi ƙwai. Baba da kansa ya ce wannan ne na ƙarshe, ba za su ƙara ba. Idan waɗannan jariran suka mutu, ɗan azurfa ya ƙare, a gidanmu da ma duk inda muka sani.

Ni a lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, inda muke auna irin maiƙon da ke cikin abinci da tsirrai. Baba bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. "Mai auna man girki" yake ce mini a gaban baƙi, yana dariya. Don haka da jariran suka fara tasowa saman ruwa ciki a sama, bai kira ni ba. Mama ce ta kira.

"Auta, babanki ya ce wai idan kina da hanya ta nan, ki biyo."

"Shi ya ce, ko ke kika ce?"

"Ya faɗa wa tanki, ni kuma ina kusa na ji. Ki zo dai. Ya daina cin abinci."

Na same shi durƙushe a bakin tanki da ƙaramar rariya, yana tsame gawarwaki yana jerawa a kan faranti. Na leƙa ruwan. Jariran ba su fi tsinken ashana ba, jikinsu garau, kana hango cikinsu ta fata. Cikin kowane a cike yake taf, kore. Amma wasu bayansu ya lanƙwashe, wasu suna ta juyawa a wuri ɗaya, ƙwaro na wucewa ta gaban bakinsu ba sa ganinsa.

"Kin gani ko?" in ji Baba, bai ɗago ba. "Suna ci. Ba yunwa ba ce. Ruwan famfon nan ne, sun ƙara masa magani."

"Baba, ka ba ni kaɗan daga ta ɗaki in auna."

Sai a lokacin ya ɗago. "Ki auna me? Ita lafiyarta ƙalau. Ruwa za ki auna."

"Zan auna ruwan. Amma injin yana bukatar abu mai kyau da zai gwada sauran da shi."

Wannan ta shige shi. Ya shiga ɗakin, ya ja ƙofa a bayansa, ya fito da ƙaramar kwalba a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya miƙo mini da hannu biyu. Ban taɓa ganin ya miƙa wa Mama ko kofin ruwa da irin wannan ladabi ba, kuma abin ya sosa mini rai. A hanyar komawa na sa mai mota ya tsaya a bakin tafki. Na tattare zane, na taka laka mai wari, na cika wata kwalbar da ruwan da Baba ke kira kwata. Neman magana ne ya sa ni, ina so in ajiye su gefe da gefe.

Abokin aikina, wanda kowa ke kira Dogo, shi ke kula da injin. Ya ga kwalabe biyu ya toshe hanci.

"Malama, yau kuma miya aka kawo mana?"

"Ɗaya gadon gidanmu ce, ka yi magana da ladabi."

Abin da muke nema sananne ne a aikinmu. Gansakukar da ke zaune a ruwan sanyi tana yin wani irin mai, tsinkakke, wanda ba ya daskarewa, domin fatar jikinta ta zauna da laushi. Idan ruwa ya yi ɗumi ba ta bukatarsa, sai ta rage yin sa, ta koma yin mai kauri irin na kitse. Ita ba ta rasa komai ba, har ma ta fi saurin yaɗuwa. Amma jaririn kifi ba ya iya ƙera wancan tsinkakken man da kansa, kuma da shi ake gina masa ido da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya. Idan babu shi a gansakuka, babu shi a ƙwaro, babu shi a kifi, sai jariri ya mutu da cikinsa a cike.

Muka tace, muka busar, muka narkar, muka ba injin. Shi injin layi yake ja a kan allo, duk inda ya ci karo da wani irin mai sai layin ya yi tsalle. Na tafki ya zo wurin da muke jira, ya ɗan yi tozo kaɗan ya wuce. Na Baba ya zo wurin, ya wuce a miƙe kamar an ja shi da zare.

"A sake," na ce.

Aka sake. Haka ya ƙara fitowa.

"Kada ki tayar da hankalinki tukuna," in ji Dogo. "Wataƙila zafin hanya ne. Mu sa su duka a akwatin sanyi su huta. Idan abin yana jikinta, zai dawo."

Muka raba su a kwalabe, muka sa a akwatin sanyi mai fitila, muka jira. Jiran nan ne ya fi ci mini rai, don gansakuka ba ta san sauri ba. Kullum Mama na kira. Yau faranti ɗaya ya tsame, gobe biyu. Ya sayo ruwan leda yana juyewa a tanki. Ya yi faɗa da mai kawo ruwa har unguwa ta taru.

Da muka sake aunawa, ta tafki ta farfaɗo. Launinta ya ɗan koɗe, amma layin ya yi tsalle sosai, ba kamar na littafi ba, amma abin da zai raya kifi. Ta Baba kuwa ta yi kore shar, ta cika kwalba, gwanin kyau, layinta ko gezau.

Dogo ya daɗe yana kallon allon. "Ta manta yadda ake yi," ya ce. "Ta tafki tarkace ce, akwai iri-iri a cikinta, da sanyi ya zo masu iyawa suka taso. Wannan kuwa duk abu ɗaya ce. Yaya yake sabunta ta?"

"Duk mako yana zaɓar wadda ta fi kore."

Ya fara dariya, sai ya kalli fuskata ya haɗiye ta. "Shekara nawa?"

"Tun ina rarrafe."

"To ai shi ke nan. A wuri mai ɗumi, wadda ta daina wahalar yin man nan ita ke saurin cika kwalba. Ita ce za ta fi kore. Amma kin ce ɗakin da sanyi?"

"Ya fi ko'ina sanyi a gidanmu," na ce, don abin da na sani ke nan.

Na daɗe ina jiran ranar da zan tsaya gaban Baba da hujja a hannu. Na sha tsara kalmomin a raina tun ina yarinya, ina kwance ina juyi a kan katifa mai zafi, ina jin ƙarar fankar nan daga nesa. Ga ranar ta zo, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Na cika jarka da gansakukar tafki da muka sanyaya, tare da ƙwarin da muka ciyar da ita, na naɗe da jiƙaƙƙen buhu na nufi gida.

Yana bakin tanki. Mama na zaune a ƙofar ɗakinta tana fifita da murfin kwali.

"Ruwan ne ko?" ya tambaya tun ban ajiye jarkar ba.

"Ba ruwan ba ne, Baba."

"To mene ne wannan kika kinkimo?"

"Ta tafki ce. Ita za mu ba su."

Ya miƙe tsaye. "Kwata? Kwata za ki zuba wa kifina? Auta, karatun naki hauka ya zama?"

"Ta ɗakinka babu komai a cikinta. Kore ce kawai. Suna ci suna ƙoshi, amma abin da zai gina musu ido babu."

"Ƙarya ne! Wannan tun tafki na tafki aka ɗebo ta. Ban taɓa bari ta mutu ba. Ban taɓa bari wani abu ya faɗa ciki ba. Ko uwarki ban bari ta shiga ba!"

"Na shaida," in ji Mama daga inda take.

Na yi masa bayani yadda zan iya, da man girki da kitse, da sanyi da ɗumi. Yana ji yana girgiza kai. Sai da na zo kan zaɓen kwalba ya daina girgizawa.

"Wadda ta fi kore ita ce ta daina yin man," na ce. "Shi ya sa take saurin cika."

"To wacce ke yi?"

Na sunkuya ina kwance buhun da ke jikin jarkar.

"Ina tambayarki. Wacce ke yi?"

"Mai jinkirin. Wadda ke koɗewa."

Ya juya a hankali ya kalli bishiyar lemun tsami. Tana nan a bakin magudana, ganyenta har sheƙi yake, 'ya'ya sun yi mata nauyi. Ya daɗe yana kallonta. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai kawai ya koma ya zauna a bakin tanki, ya ajiye rariyar a gefe.

"Haka aka koya mana," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Lokacin da aka koya muku, ai da sanyi."

"Zuba," ya ce.

Na zuba. Jariran da suka rage ba su cika tafin hannu biyu ba. Suka ci, waɗanda ke iya ganin abincin. Amma idon da aka riga aka gina ba daidai ba, ba ya gyaruwa da cin abinci daga baya, haka ma bayan da ya lanƙwashe. Na ɗauki hutu na zauna a gida, ina zuwa wurin Dogo ina sake ɗebowa. Baba bai ƙara ce mini mai auna man girki ba, bai kuma ce mini komai ba. Kullum da safe yana tsamewa, ina riƙe masa faranti. Na ƙarshen wani ɗan ƙarami ne da ya yi ta juyawa a kusurwar tanki, har muka fara sa rai. Wata safiya muka tarar da shi a sama. Baba ya tsame shi da hannu, ba da rariya ba. Tsofaffin iyayen suna ɗaya tankin suna kai da komo, babu ruwansu.

Da ƙarshen mako ya zo, ya buɗe ɗakin kamar kullum, ya fito da kwalabe ya jera a bakin ƙofa. Ina kallonsa ya ɗaga ɗaya a haske, hannunsa ya tafi da kansa wurin wadda ta fi kore. Ya riƙe ta, ya dube ta. Sannan ya kai ta magudana ya juye, ba a gindin lemun ba. Haka ya bi su duka har ya gama. Ya wanke kwalaben ya kife. Ya share ɗakin, ya cire kwadon ya sa a aljihu, ya zo ya tsaya a ƙofar Mama kamar baƙo.

"Ki koma can," ya ce. "Ga fankar ma na bar miki."

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "Baƙin sun tafi ke nan?"

"Sun tafi."

Ni na ɗauki katifarta, ita ta riƙo matashi da ledar magungunanta. Tana gaba ina biye, muka ƙetare tsakar gida, muka wuce rijiya. A bakin ƙofa ta tsaya ta cire takalmi, don ƙafarta ba ta saba ba. Muka shiga.

Wani hucin zafi ne ya tare mu. Bangon nan mai kauri ya sha rana tun safe ya riƙe, babu inuwar da ke kare rufin tun da aka sare bishiyar, fanka kuma tana ta juya iska mai ɗumi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A jikin bango akwai wani tsohon ma'aunin zafi da gilashinsa ya tsage, ƙura ta rufe shi, wa ya san shekarun da ya yi a haka. Baba yana shiga kullum, zafin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, jikinsa yana sabawa. Mu da za mu ji bambancin, mu aka hana shiga.

Na shimfiɗa katifar. Mama ta zauna a kai, ta ajiye ledarta, ta dubi bango, ta dubi fanka. Kafin wani lokaci gumi ya fara gangaro mata ta wuya, ta kan ƙurajen. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana jiran ta yi magana.

Ta sa gefen mayafi ta share wuyanta.

"Malam," ta ce, "wannan ne ɗakin sanyin?"

Ta miƙe, ta ɗauki matashinta da ledar magungunanta.

"Auta, ɗauko katifar. Nawa ya fi iska."